Kaset Ɗin da Baffa Ya Aiko

Shekarar da aka sayo mana bidiyo, matan lungunmu na cikin birnin Zariya a ɗakin Gwaggo, yayar babana, suke taruwa bayan la'asar. Wata rana ƙaninta, Baffa, ya aiko da kaset ɗin fim ɗin Indiya. Tun da ya sayar da gonarsu ta gado a Kufena ba da saninta ba, ba ta ƙara yi masa magana ba.

A fim ɗin, wani ya ƙone gidan 'yar'uwarsa, ta zauce, aljanar kogi ta ɗauke ta ta yi jinyarta. A ƙarshe ya zo ya faɗi a gaban 'yar'uwar tasa yana kuka, tabon wutar da ke fuskarta ya ɓace.

Ba mai jin yaren a cikinmu, amma kowa da hukuncinta. Mai ƙosai ta ce tsoron aljanar ne ya sa shi kuka. Matar liman ta ce tuban da ba a maido da abin da aka ɓata ba, ita ba ta gane masa ba. Ni kuwa hawaye nake sharewa, sai na lura Gwaggo ba fim ɗin take kallo ba, kwalin kaset ɗin take juyawa a hannu.

“Duk finafinan garin nan, wannan ya ga dama ya aiko?” in ji ta. Ta miƙo mini. “Mayar masa. Ki ce na kalla har ƙarshe, kuma shi wancan na cikin fim ɗin da ƙafarsa ya je.”