Faifan Kaka a Gonar Zauro

Har yau in na ji ƙaurin roba ta ɗau zafi, sai in ji kamar ina kan bencin shagon Baba a unguwar Nasarawa.

Baba ɗaukar bidiyon biki da suna yake yi. Ya ɗauko a kaset, ya zo ya juye a faifai. Faifan iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai tsada, kowane da gidansa, ana gogewa a sake juye wani abu. Akwai na arha, an jero su a sanda kamar tsire, sau ɗaya ake juye musu, in ya lalace ya lalace ke nan. Baba bai taɓa sayen mai tsadar ba. Cewa yake kuɗin guda ɗaya ya isa cefane.

Aikina gadi. In ya sa faifai a kwamfuta sai ya zaunar da ni, ya tafi sabgarsa. Kar kowa ya taɓa tebur, in an ɗauke wuta in ruga in gaya masa. Ina zaune ina kallon wani koren layi yana jan ciki kamar hawainiya, ga zafin bazara, ga tafin ƙawayena suna gaɗa a bayan katanga. Wallahi na tsani layin nan. Waɗanda suka lalace kuwa buhu ake jefa su ƙarƙashin tebur. Kowace damina Kawu, ƙanen Inna, zai kwashe ya kai gonar shinkafarsa a Zauro, ya rataya a zare, ƙyallinsu ya riƙa korar tsuntsaye.

Kaka, mahaifiyar Baba, a Argungu take. Duk zuwan da za ta yi sai Baba ya roƙe ta ya ɗauke ta a bidiyo, ita kuma ta ja mayafi.

"Ni amarya ce da za a haska ni? Kau da abinga."

Zuwanta na ƙarshe, jiki ya ƙi, da kanta ta ce a kawo kyamarar. Ta kalle ni ta ce, "Ke, hita waje. Wagga magana taki ce, amma sai kin yi hankali." Har Baba ta kora, ya kunna mata ya fito.

Washegari ya sa faifai a kwamfuta don juye maganar Kaka, ya ce in ya gama in ajiye a aljihun tebur, ya tafi da kaset ɗin ya ɗauki wani suna a kai, don shi kaɗai gare shi. Ni kuwa ana gamawa na fizgo, na ji ƙawaye na kirana, na wurga shi inda hannuna ya saba. Buhu. Ba rubutu a kansa, duk farare ne.

Ba wanda ya nema sai bayan rasuwarta. Lokacin shinkafa ta nuna, Kawu ya daɗe da kwashe buhun. Muka bi gonar Kawu zare-zare muna tsinko su, taɓo har gwiwa. Baba bai zage ni ba. Da ma ya zaga. Muka yi ta gwadawa ɗaya bayan ɗaya har fuskarta ta fito. Rana da ruwa sun ci bayan faifan. Ta gyara zama, ta yi gyaran murya, ta ce, "Ke mai gaggawa, zauna ki ji." Nan ya tsaya, bakinta a buɗe.

Yanzu kowa da waya a hannu, yaran unguwar Gesse har hoton kwanon tuwo suke ɗauka su goge. Shagon Baba an mai da shi wurin cajin waya. Faifan yana wurina. Na kai shi ga masu gyara har Sakkwato, kowa ya juya shi a haske ya miƙo mini. Na'urar da ke karanta shi ma ta fara wuya, na sayi tsohuwa na ɓoye.

Ina sa shi duk da haka. Ni da ba na iya jiran shayi ya huce, sai in zauna ban motsa ba, ina kallon bakin nan. Kaka, ga ni zaune. Faɗi.