Taswirar Ikko a Cinyar Kaka

Shekarar da fari ya ƙone geron ƙauyenmu, can kusa da Dawanau, Baba ya tafi Ikko neman aikin dako a tashar jiragen ruwa. Ya bar ni da ƙanena Sani wajen Inna da Kaka, mahaifiyarsa. Ina da shekara bakwai.

Bayan wata biyar, wani abokin tafiyarsa ya kawo wa Kaka ƙunshi. A ranar aka kai mu gidan Goggo, muka yi mako guda. Da muka dawo, Kaka ta ce Baba ne ya aiko da saƙo: wata tsohuwar taswira ta zamanin Turawa, duk ta yage a wajen ninki.

Daga nan, da an idar da magariba, mun lashe ɗan kunun da aka samu, sai Kaka ta hura wutar kara, ta shimfiɗa takardar a cinyarta. Ba ta yi boko ba, amma baƙon da ya kawo ƙunshin ya nuna mata komai.

"Ku matso, yau ma bakin teku za mu."

Labarin ɗaya ne kullum. Wani manomi gonarsa ta bushe, ya bi layin dogo har inda ruwa ba ya ƙarewa. Yatsanta ya bi baƙin zanen, ya wuce ma'aikatu, ya tsaya kan wani shuɗin rafi. A nan manomin yake haye ruwa da kwale-kwale, ya je ya loda buhuna a jirgi.

"Kaka, yaushe zai dawo?" in ji Sani.

"Sai jirgin ya cika, ɗan nan."

Inna takan tashi ta shige ɗaki. Na ga ta daina kwalliya, ban san takaba take yi ba.

Sai bayan rasuwar Kaka Inna ta gaya mini. Kwale-kwalen ya kife a rafin nan, ba a ma samu gawar Baba ba. Kaka ce ta ce yunwa ta ishi yara, kada a ƙara musu.

Na daɗe ina jin haushin Kaka. Da na haifi ɗana, na soma tuna fuskarta a hasken wutar. Mu muna jiran mutum mai rai. Ita ta san ɗanta ba shi da ko kabari, amma kullum sai ta kai mu bakin ruwan da ya cinye shi, ta gyara murya, ta amsa wa Sani.