Ranar da Na Ara wa Gafiya Fuskata

Ban taɓa zaton fuskata tana da wani amfani ba, in ban da wanki a alwala da tsorata yaran aji, sai shekarar da 'yar ƙanwata ta dawo Ƙaraye daga karatu a Kano. Aikin katun ta koyo, irin zanen nan da ke motsi yana magana a waya. Wata ƙungiyar manoma ta ba ta aikin ɗan gajeren fim a kan yadda ake shanya gyaɗa da adana ta don kada ta yi funfuna.

Ta zo har gida, ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi gwiwata mai ciwo, sannan ta ce, "Kawu, fuskarka nake so ka ara mini."

Na ce, "To ni da wacce zan zauna?"

Ta yi dariya ta yi mini bayani. Wai ana ɗaukar motsin fuskar mutum da muryarsa a ɗora wa zanen, in ya buɗe baki zanen ya buɗe, in ya harari wani shi ma ya harara. Ta ce kaf danginmu babu mai fuskar da ke motsi kamar tawa. Na ɗauka yabo ne. A raina na riga na ga kaina dattijon manomi mai hikima, yana jan gemu yana ba matasa shawara. Ranar aikin har babbar riga na sa, na fesa turare.

A ɗakin da muke ajiye hatsi ta shirya. Ta jingina katifu a bango, ta rataya bargo a taga, wai don kada murya ta riƙa amsa kuwwa. Ta fito da hular kwano irin ta 'yan acaba, wadda mai walda ya liƙa wa wani siririn ƙarfe ta gaba, a bakin ƙarfen an ɗaure waya tana kallon hancina. Ta kifa mini ita. Sannan ta ɗauko kwallin uwarta ta shiga yi mini ɗige-ɗige a goshi da kumatu da gefen leɓe, wai su ne kwamfuta za ta riƙa bi.

Da ta gama ta juyo mini da kwamfutar. Sai ga wata ƙatuwar gafiya mai tumbi, da haƙora biyu a waje, ta zuba mini ido. Na yamutsa fuska. Ita ma ta yamutsa.

Na ce, "Wannan fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Kai ne, Kawu. Ita ce ke satar gyaɗar."

"Manomin fa?"

"Shi ba ya magana da yawa. Ni zan yi shi."

Na buɗe baki zan yi faɗa, gafiya ta buɗe nata. Na nuna ta da leɓe, ta nuna ni. Da na ga yadda take hura hanci daidai yadda nake yi, dariya ta ƙwace mini, faɗan ya lalace.

Aka fara da gwajin baki. Ta ce in ce "aaa" in wangame, in ce "uuu" in tsuke, in karkace leɓe hagu, in mayar dama, in kumbura kumatu. Ina cikin karkacewar hagun ne mai ɗakina ta turo ƙofa da kwanon kunu. Ta ga mijinta zaune a kan buhun dawa, da kwano a ka, fuska duk baƙin tabo, baki ya koma wajen kunne. Ta saki salati.

"Malam! Ƙyanda ce ko ɓarin jiki ne ya shanye?"

Na ce mata aiki nake. Ta kalli kwamfuta, ta ga gafiya ita ma tana ce mata aiki take. Ta ajiye kunun ta fita da baya.

Kunun nan shi ya jawo ƙuda. Wani ya sauka a kumatuna, kwamfuta ta ɗauka ɗigo ne daga cikin ɗige-ɗigen. Da ya yi tattaki zuwa kunne, kuncin gafiya ya bi shi. Da ya tashi sama, rabin fuskarta ya miƙe kamar danƙo ya fice daga allon. Yarinyar nan ta kwanta a kan buhu tana riƙe ciki, ni kuwa an hana ni ko kaɗa hannu.

Murya ta fi ba mu wahala. Duk maganata ita ce, "Kai, wannan gyaɗa ta sha danshi, daɗi!" Da na fara sai injin markaɗen maƙwabta ya tashi. Da ya yi shiru sai zakara. Da zakara ya gaji sai cikina ya yi ƙugi, na'urar kuwa ba ta da kunya, ta ɗauka tsaf. Washegari muka kwashi kaya zuwa gidan gonar wani ɗan'uwa a Yammedi, wai can babu hayaniya. Zabinsa suka tarbe mu da ihu tun daga bakin hanya, ba su rufe baki ba har muka juyo gida.

Rana ta uku an samu shiru, na ɗauko maganar da kyau, sai sallama daga zaure. Wani tsohon abokina ne daga garin Turawa, ya leƙo har ɗakin. Ba a barin sallama a ƙasa, na amsa. Muka gaisa yadda ya kamata: gajiya, iyali, damina, jikin tsohuwa, labarin shanu. Duk tsawon gaisuwar idonsa yana kan ƙarfen da ke gaban hancina, amma bai tambaya ba. Da zai tafi ya dafa kafaɗata ya ce a hankali, "Allah Ya ba da lafiya."

Ashe yarinyar nan ba ta kashe na'ura ba. Ta ce wannan ya fi duk abin da muka ɗauka, ta sa shi a fim. Shi ya sa gafiyar ba ta shiga rumbu sai ta tsaya ta gaishe da manomi, ta tambayi iyali da damina.

An fara nuna fim ɗin a Rogo Sabon Gari, a wani aji na firamaren da na taɓa koyarwa, an rufe tagogi an haska a bango. Na zauna can baya na ja hula, don mun yi da 'yar ƙanwata ba za a faɗi mai fuskar gafiyar ba. Gafiya ta fito, ta gaisa, ta ɗaga gira ɗaya ta kalli manomi. Wani magidanci a gaba ya miƙe tsaye.

"Wallahi Malam ne! Haka yake yi in ka ce ka manta aikin gida!"

Rabin manoman wurin tsofaffin ɗalibaina ne. Suka juyo gaba ɗaya. Sai da aka maimaita fim ɗin daga farko, don dariya ta hana a ji batun shanya gyaɗa.

Ranar kasuwar da ta biyo na tsaya sayen gyaɗa wajen wata dattijuwa. Tana hango ni ta ja faifai ta rufe kwanonta, ta ɗora hannu biyu a kai.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Gaisa daga nan."

Na gaishe ta daga inda nake, na tambayi iyali. Ta auna mini mudu, ta ƙara da cikin tafi, ta ce wannan na 'ya'yan da na bari a rami ne.