Duk Wayoyin Ja Ne

"Wacce ce ta famfon mai?" Baba Yohanna ya tambaye ni, yana leƙa cikin bonet.

Kwana biyu ke nan ina haɗa wa wata mota sabon wayarin a garejinmu na Kakuri. Mai ita ya sa mata injin da ya fi nata gudu, dole na ja komai daga farko. Jar waya kaɗai ke hannuna, ƙyuya ta hana ni shiga kasuwa, na yi duka da ita. Aiki ya yi tsaf, har ina jin kaina.

Baba tsohon mai gyaran wuta ne a masaƙa. Ya tsaya yana jira. Na bi wannan, na bi waccan, wallahi na kasa nunawa.

Ya ce, "Kai da ka haɗa ke nan. Ranar da ta fara hayaƙi a hanyar Kakau, mai ita da iyalinsa a ciki, wacce zai cire?"

Na warware duka, na je na sayo kala-kala.

Jama'a, aikin da ko mai shi bai gane kansa ba, anya an gama shi kuwa?