Ranar da Na Nemi Cokali a Gidan Gwaggo

Babban yatsana na dama ya fara ba ni wahala ne ina aji biyu a jami'a, a Wudil. Da farko naman da ke gindinsa ne yake harbawa shi kaɗai, kamar yadda fatar ido take yi. Daga baya ya koma murɗewa. Ina cikin rubutu sai ya lanƙwashe cikin tafin hannuna ya ƙage, sai na sa hannun hagu na miƙar da shi, ya yi 'yar ƙara, zafin ya tafi har wuyan hannu.

Ni mai danna biro ce tun ina firamare. Abin da na rubuta a aji da sauri, in na koma ɗaki sai na sake kwafe shi da kyau, in ja layi da rula a ƙarƙashin kowane kai. Abokiyar zamana a ɗaki, wata 'yar Filato mai yawan dariya, ita ta gaji da ganina ina yarfe hannu ta ja ni asibitin makaranta. Likitar ta lallatsa gindin yatsan, ta tambaye ni ko sauran yatsun suna yi min dindiris, ko ina shan ruwa sosai, ko na taɓa faɗuwa a kan hannun. Ta ce abubuwa da yawa kan jawo haka: wani ƙarancin ruwa ne a jiki, wani jijiya ce ta danne a wuyan hannu, wani ciwon gaɓa ne. Nawa dai ta fi zargin gajiya, wai jijiyar da ke jan yatsan ce ta kumbura saboda riƙon biro da latsa waya. Ta ɗaure min bandeji, ta ce in riƙa gasawa da ruwan ɗumi, in huta da rubutu.

Ban huta ba. Sai na koyi maƙale biro tsakanin manuniya da yatsan tsakiya. Haka na koyi riƙe cokali ma.

Da aka yi hutu na tafi Dagumawa wurin Gwaggo, yayar babana. Ita ta riƙe ni tun ina ƙarama har na gama firamare. A gidanta mata kwano ɗaya suke ci, kuma ina da wurina, a damanta, inda takan turo min ɓangaren da man shanu ya fi taruwa. Tun ranar da na samu gurbin karatu take cewa, cikin wasa amma ba wasa ba, in na zama babbar ma'aikaciya kar in ce gidanta yana warin daddawa.

Kafin in sauka daga babur na kwance bandejin na tura jaka. Kunya nake ji. Matan gidan nan suna surfe, suna daka, suna jan ruwa a rijiya, suna ɓarar gyaɗa har fatar yatsunsu ta yi kanta. Da wane baki zan ce musu biro ne ya ji min ciwo?

Bayan magariba aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Tuwon dawa ne da miyar kuka, wanda Gwaggo ta san na fi so. Muka zauna mu uku, ni da ita da 'yarta, wadda ta girme ni da kaɗan, kuma tsakanina da ita wasan taubasantaka ne, ba ta raga min. Na wanke hannu, na yi bisimilla, na kai hannu zan gutsura. Yatsan ya murɗe. Na ji shi ya shige tafin hannuna ya zauna. Ba a yin loma ba tare da babban yatsa ba, shi yake mulmulawa, shi yake turawa baki. Da hagu kuwa ko a mafarki ba zan ci ba a gaban Gwaggo.

Na janye hannun na ɓoye a ƙarƙashin mayafi.

"Ci mana, ko ya yi zafi ne?" in ji Gwaggo.

Abin da ya kamata in yi shi ne in fito da hannun in nuna mata. Maimakon haka sai na ji bakina yana cewa, a hankali, "Gwaggo, ko akwai cokali?"

'Yarta ta tsaya da loma a hannu. "Cokali? Shinkafa kika gani? Inna, kin ji 'yan jami'a. Tuwon ma yanzu da Turanci ake cin sa."

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta dube ni, ta ɗauraye hannunta, ta tashi ta shiga ɗaki. Na ji tana buɗe kabad ɗin da take ajiye kayan baƙi. Ta fito da farantin tangaran mai zanen fure da cokali, ta wanke su da sabulu duk da ba su da datti, ta yanko tuwo daga gefen da ba a taɓa ba, ta zuba miya, ta ajiye min a can bakin tabarma.

"Bisimilla," ta ce. "Ki yi haƙuri, ban yi tunani ba."

Wannan farantin na san shi. Malaman rigakafi da baƙin birni ake ba wa abinci a ciki. Na zauna ina ci, cokalin maƙale tsakanin yatsu biyu a cikin duhu-duhun da ya rufa min asiri, su kuma suna ci a kwanonsu, an bar wurina a damar Gwaggo babu kowa. Ko taubashiyar tawa ta daina tsokanata, kuma hakan ya fi tsokanar ciwo.

Da safe aka yi ɗumame. Na fito daga ɗaki na tarar har an ajiye min farantin da cokalin a kan 'yar kujera, an rufe da faifai. Gwaggo ta gaishe ni da irin doguwar gaisuwar da take wa baƙi, ina gajiya, yaya karatu, yaya mutanen makaranta. A da cewa take, "Ke, tashi ki wanke ido."

Na ga in na bar gidan nan a haka, farantin nan ne nawa har abada. Na je na durƙusa a gabanta, na miƙa mata hannun. Na lanƙwasa yatsan da gangan, ya kuwa ƙage.

Ta kama hannun ta juya shi. Ta gwada miƙar da yatsan, ya yi ƙarar nan, na ce wash.

"Tun yaushe?"

"Ya daɗe, Gwaggo."

"Me ya same shi?"

Na sunkuyar da kai. "Biro ne."

'Yarta ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. "Biro! Mu taɓarya ba ta karya mu ba, ke tsinke ya kayar da ke. Wallahi waya ce, Inna, saurayi take wa rubutu."

"Rufa mana baki," in ji Gwaggo. "Sanyi ne. Wannan ruwan firjin da suke sha a makaranta." Ta ƙara latsa wurin. "Ko dai kin kwana a kansa?"

Na gaya mata abin da likita ta ce, da bandejin da ke jaka. Ta saki hannun ta dube ni sosai.

"Wato kin gwammace in kwana ina tunanin ƙyamar hannuna kike yi, da ki ce min yatsanki na ciwo?"

Hawaye ne kawai suka zubo.

Ta sa 'yarta ta ɗora ruwa, ta ce in ɗauko bandejin. Sannan ta ɗauki farantin tangaran ta juye tuwon cikin kwanonsu, ta buga tabarma a damanta. Na matso na zauna. Ta gutsuro tuwo, ta mulmula, ta dangwalo miya ta inda man shanu ya taru, ta kawo bakina.

"Gwaggo, ni fa ba yarinya ba ce."

"Buɗe."

Maƙwabciya ta shigo neman garwashi daidai lokacin, ta tarar da ɗalibar jami'a ana ba ta tuwo a baki. Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma na buɗe bakin, na karɓa, na kuma karɓar ta biyu.

Yatsan ya warware bayan na rage kwafe-kwafen nan, sai dai yakan tuna min da kansa lokacin jarrabawa. Taubashiyata har yau in ta ga na shigo gidan sai ta ɗaga murya ta ce a wanke cokali, manya sun iso. Gwaggo kuma kafin ta amsa gaisuwata sai ta kama hannuna na dama ta lanƙwasa yatsan ta miƙar, sannan ta matsa min wuri a bakin kwano.