Awon Mutum Tara

Har yau in na ji gero na zuba cikin ƙwarya, sai in dakata da abin da nake yi. Ba kuka nake ba, kada ka ɗauka haka. Tsayawa kawai nake yi.

Zamanin Turawa ne. A gidanmu na Kwargaba ni aka ba da aka kai elemantare a Wurno, ba don ana hango wani alheri a boko ba, sai don ni ne ba na tsinana abin kirki a gona. Can na koyi lissafin nan na in mutum kaza sun cinye hatsi a wata kaza, to mutum kaza fa? Ina son sa ƙwarai, malam ma yakan ce kaina na ja.

Ina can sanƙarau ya shiga garinmu da bazara. Da na zo hutu na tarar an binne yayata da ƙanena da autarmu. Mu tara ne a gidan, muka koma shida. Ana yi mini gaisuwa ina amsawa, amma wallahi ban ji komai ba, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Iya, mahaifiyar babanmu, ita ke awon abinci. Ba ruwanta da mudu. Ƙoƙo ɗaya take ɗiba don kowane rai, tana zubawa a ƙwarya tana ambaton mai shi. To, bayan rasuwar nan ba ta rage kowa ba. Kullum safiya mutum tara take kira, tuwon da ya yi saura a miƙa maƙwabta. Ga shi daminar bara ba ta yi kyau ba, rumbu ya yi ƙasa.

Wata rana Baba ya kira ni gindin rumbu, ya ce, "Kai ɗan boko, in ana awon tara, geron ga wata huɗu za shi yi. Sabon hatsi kuwa sai wata shida. In an koma awon shida, mi lissahinka yac ce?"

Na share ƙasa da tafin hannu na rubuta. Tara sau huɗu, a raba shida. Wata shida cif! Har daɗi na ji yadda ya fita ba saura.

Ya dubi ƙasar. Sannan ya ce, "Tahi ka hwaɗa mata. Ni ba ni iyawa."

Da safe na sami Iya har ta gama zuba taran. Na tsaya na karanto mata kamar ina gaban malam. Ba ta yi faɗa ba. Ƙoƙon ta miƙo mini.

"Ni ban san wa za ni hiddawa ba," in ji ta. "Kai da ka sani, zo ka hidda."

Na karɓa. Na ɗebi ɗaya na mayar kwandon gero, ta ce na yayata ne. Na ɗebi na biyu, ta ce na ƙanena. Da na kai hannu na uku sai ta riƙe mini wuyan hannu.

"Wanga kada ka cika shi. Auta ba ta ci da yawa."

Na zuba rabi cikin ƙwarya, na mayar da rabi kwando.

Geron ya kai mu har sabo ya nuna, lissafi bai yi ƙarya ba. Amma daga ranar Iya ta bar wa mahaifiyarmu awo, ba ta sake taɓa ƙoƙon ba har ta bar duniya.

Yanzu a kasuwa ake auno mana hatsi, ba mai kiran kowa. Jiya jikana ya kawo mini aikin makaranta, irin lissafin nan sak: abinci na nan yadda yake, masu ci sun ragu. Na ba shi amsa, ya duba ya ce daidai ne. Littafin bai faɗi inda sauran mutanen suka tafi ba, shi ma yaron bai tambaya ba.