Baƙin da ke Cikin Shinkafar Baba

Babanmu bai iya ganin baƙo ya wuce bai sha ruwa ba. Shi ya sa ranar da autarmu ta dawo hutu daga jami'a ta ce masa akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune cikin jikin shinkafa, ido ba ya ganinsu, abin da ya fara tambaya shi ne wa ke ba su abinci. Ta ce shinkafar ke ciyar da su, su kuma suna taimaka mata ta jure dafin da ke cikin ƙasa. Baba ya ce ashe baƙin kirki ne. Tun daga nan sunansu baƙi, ita kuma likitar shinkafa.

Fadamarmu tana bayan Bodinga, gadon kakanmu ce. Wasu masu fasa tsofaffin batura suka kafa rumfa a saman kwarin, damina ta kwaso ruwan wurinsu ta gangaro mana da shi. Shinkafar maƙwabta ta yi rawaya ta tsugune. Tamu kuwa, irin da kakarmu ta bari, ta tsaya kore shar. Zo ka ga Baba a shekarar nan. Duk wanda ya tare sai ya sha labarin baƙinsa, har mai shayin bakin hanya ya haddace.

Autar ce ta ɗebi ƙasa da zangarniya ta kai aka auna. Ta dawo ana gab da girbi, ta zauna a bakin tabarma tana murza gefen mayafinta. Tun tana ƙarama yarinyar nan ba ta iya ɓoye komai a fuska. Ta ce akwai dalma, gubar baturan nan, a ƙasar, kuma ta shiga har cikin tsabar. Baƙin sun taimaki shinkafa ta rayu, amma ba su wanke ta ba.

Wallahi na ji haushinta. Na ce ta bar tsoho ya yi girbinsa mana. A gidanmu ƙwaryar farko ta sabuwar shinkafa ba mu ke ci ba, Inna ke dafawa a raba wa yaran unguwa.

Can Baba ya ce, "Ke nan ita zan ba ɗiyan mutane?"

Ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba.

Ko tsaba ɗaya bai bari ta shigo gari ba, rami ya sa muka haƙa muka binne ta. Bayan nan ya buɗe rumbu ya fito da ragowar irin da ya ajiye tun kafin zuwan masu batura, ya tambaye ta ko baƙin suna ciki. Ta ce tana kyautata zato, don sukan bi iri.

Da shuka ta zo na ɗauke shi a babur zuwa Lambara, wajen ƙanwarsa da ta ba shi aron ɗan fili. Mutumin da bai taɓa noman gonar aro ba, sai da tsufa. Na miƙa hannu zan ɗaure buhun irin a baya, ya riƙe gam.

Ya ce, "Bari, ɗana. Ba ni ɗaure baƙona a baya."

A cinyarsa ya rungume shi har muka isa.